Ɗan Hakin Da Ka Raina: Mura A Makarantunmu

   A wannan fitowa na ɗan ture maganar kwalliya da girki da wasiƙun masoya gefe guda, domin in ja hankalinku a kan wata baƙuwa da ke shigo mana aji ba sallama, ta zauna benci ɗaya da mu, in an tashi kuma ta biyo mu har ɗakin iyayenmu. Ba kowa ba ce illa mura.

Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Haba Anti, duk cututtukan duniya ki rasa wadda za ki yi mana rubutu a kai sai mura? Mura ai ba ciwo ba ce." To ƙanwata, ki dai biyo ni a hankali. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mura kala biyu ce

Abu na farko da nake so mu gane shi ne, abin da muke haɗawa mu kira mura ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yar mura ta yau da kullum, wadda ke zuwa a hankali da atishawa da yoyon hanci da ɗan kaikayin maƙoshi. Mai ita tana iya yin shararta, ta yi wanke-wanke, ta ci tuwonta, bayan 'yan kwanaki ta warware.

Akwai kuma babbar mura, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita wannan ba ta sallama. Yarinya za ta tafi makaranta garau da safe, kafin azahar sai ki ga ta kifa kai a kan tebur, jiki zafi rau, kai na sara, gaɓoɓi na ciwo kamar an yi mata dukan tsiya, ga busasshen tari, ga kasala. Ƙananan yara wani lokaci har da amai da gudawa. Masassarar takan ɗauki kamar mako guda, tarin kuma yana iya kai mako biyu ko fiye.

Dukansu biyun wata ƙwayar cuta ce ke kawo su mai suna bairos, wadda ido ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babbar mura tana kama mutane kimanin biliyan 1 a kowace shekara, daga ciki miliyan 3 zuwa 5 ciwon kan yi masu tsanani, kuma tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 ke rasa rayukansu a dalilinta. Kin ji abin da muke cewa ba ciwo ba.

Kakanninmu sun ga ta kansu

Duk wadda ta yi sa'ar zama da tsofaffi na da, wataƙila ta taɓa jin suna lissafin shekaru da "shekarar marisuwa". Wannan ita ce babbar murar da ta game duniya a 1918, daidai ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas cikin watan Satumba na shekarar, daga nan ta hau jirgin ƙasa ta nufo Arewa, fatake da matafiya suka ƙarasa da ita garuruwa da ƙauyuka. A lokacin Sarki Muhammadu Dikko ke kan gadon sarautar Katsina. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a Najeriya kaɗai ta kashe mutane kusan 500,000, a duniya kuwa wajen miliyan 50. Abin da ya fi ba mutane tsoro a lokacin shi ne, samari da 'yan mata majiya ƙarfi su ta fi kwasa.

Ba ta tsaya nan ba. A watan Fabrairu na 2006 aka gano murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a duk Afirka, kuma a farkon 2007 ta yi ajalin wata matashiya a Legas. A 2009 wata sabuwar mura ta ɓullo daga Meziko, aka yi mata laƙabi da murar aladu. Yara da matasa ta fi kamawa, har ƙasashe da yawa suka rufe makarantu domin ta. Korona kuwa ba sai na ba ku labari ba. Ita ba infuluwenza ba ce, amma hanyar yaɗuwarsu ɗaya, kuma kowa ta tuna yadda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 aka yi wata da watanni ana zaman gida.

Me ya sa makaranta?

Mutane da yawa sun ɗauka sanyi ne ke zama mura, ko shan ruwan randa, ko wanka da sassafe. Gaskiyar magana ita ce, ba a samun mura sai an shaƙi ƙwayar cutar daga wani. Tana nan kowane lokaci na shekara, sai dai mun fi ganin ta da hunturu da kuma damina. Da hunturu, busasshiyar iska da ƙurar hazo kan busar da cikin hanci da maƙogwaro, su rage masu ƙarfin tare cuta. Sannan saboda jaura kowa ya rufe ƙofa da taga, an cunkushe wuri ɗaya, numfashin wannan na shiga hancin wancan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan mai mura ta yi tari ko atishawa ba ta rufe baki ba, ɗigon yawu da majina da ido ba ya gani kan watsu har tsawon taku biyu ko fiye, wasu kuma su yi ta yawo cikin iskar ɗakin in ba taga a buɗe. Wasu su sauka kan tebur, da marfin ƙofa, da biro, inda ƙwayar kan iya kwana da ranta. Ke kuma ki taɓa, ki sosa ido ko hanci, shi ke nan ta samu shiga. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da za ta bayyana kwana 1 ne zuwa 4. Abin da ya fi ɗaure kai, mutum na iya shafa ma wani tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya san ya kamu, ya ci gaba da rabawa har kwana 5 zuwa 7. Ƙananan yara ma sukan wuce haka.

To yanzu ki dubi ajinku. Mutum nawa ne a benci ɗaya? Moɗa nawa ce a bakin randar makaranta? Da an buga tara, sai a yi da'ira a kan awara ko ɗanwake, hannu biyar cikin leda ɗaya. Ledar fiya wata guda sai ta zaga baki uku. Rake ma a gatsa a miƙa. Da yamma a tafi Islamiyya a sake haɗuwa da wasu yaran daga wasu makarantun. A makarantar kwana kuwa abin ya fi haka, gado kusa da gado, wasu ma su haɗa bargo saboda sanyi.

Sannan garuruwan namu ba a rufe suke ba. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗalibai na shigowa daga kowane lungu na ƙasar nan. Ga kasuwar Laraba da ke tara jama'a daga ƙauyuka. Motocin Katsina kullum suna ratsa Kurfi da kai da komo, an matse fasinja an ɗaga gilashi saboda ƙura. Murar da ta kwana Katsina yau, gobe da hantsi tana iya yin karatu a ajinku.

Abin da na gani da idona

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wannan yanki namu, ana saura mako biyu a fara jarrabawar zangon farko, wata ɗalibata mai ƙoƙari ta dawo daga bikin yayarta. Ranar Litinin na lura idanunta sun yi ja, tana ta danne tari da gefen hijabi. Na kira ta na taɓa goshinta, zafi kamar garwashi.

Na ce, "Ke, tashi ki tafi gida ki kwanta."

Ta marairaice ta ce, "Malama don Allah ki bar ni, wallahi 'yar mura ce. In na zauna gida za a wuce ni a lissafi."

Na rubuta mata takarda na sa aka raka ta. Washegari sai ga ta ta dawo, wai a gida an ce ai mura ba ta hana karatu, kuma ba a biya kuɗin littafi don a kwanta ba. Na sake mayar da ita, amma ta riga ta yi rabin yini a aji kafin in shigo. Kafin Juma'a duk 'yan bencinta sun kwanta. Mako na zagayowa, in na shiga ajin sai in ji kamar ana gasar tari, kujeru da dama ba kowa.

Wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne na wata 'yar bencin nata. Ita murar ba ta wahalar da ita sosai ba, kwana uku ta miƙe. Amma tana da ƙane ɗan wata bakwai da take goyo kullum in ta dawo makaranta, ta tauna abu ta ba shi, ta share mashi hanci da gefen mayafinta. Yaro ya kama. Aka yi kwana uku ana ba shi jiƙe-jiƙe da ragowar maganin da aka samu a ɗaki. A dare na huɗu numfashinsa ya koma sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ya ƙi kama nono. Da asuba aka nufi asibiti da shi, likita ya ce limoniya ce, murar ta buɗe mata ƙofa.

Da na je dubiya, uwar ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "Malama, ashe mura na yin haka? Ni duk zamana ban taɓa sani ba." Yaron ya yi kwanaki a gadon asibiti, sai da uban ya sayar da akuya da buhun gero kafin a sallame su. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Ita kuwa mai tsoron a wuce ta a lissafi, ciwon ya kwantar da ita sosai, ta shiga jarrabawa jiki ba ƙwari, rabin ajin ma haka. Kwana uku na hutawa da aka yi ma rowa, sai ga shi an biya da mako biyu.

Wa ya fi shiga haɗari?

Ke budurwa mai jini a jika, galibi za ki sha wuya ki warke. Amma ki tuna waɗanda za ki kai mawa gida: jarirai da yaran da ba su kai shekara 5 ba, musamman 'yan ƙasa da shekara 2, kakanni da suka manyanta, masu juna biyu, har da amaren da ke ɗauke da cikin fari, masu asma, da masu sikila, da masu ciwon suga ko na zuciya, da yaran da ba su samun isasshen abinci. A wurin waɗannan, mura na iya rikiɗewa ta zama limoniya ko ciwon kunne, ko ta tayar da tsohon ciwon da ke kwance. Don haka in kin kare kanki, Inna da Goggo da autan gidanku kika kare.

Riga-kafi ya fi magani

Ga abubuwan da kowace ɗaliba za ta iya yi, ba tare da ta kashe ko sisi ba a mafi yawansu:

1. In tari ko atishawa ya taso, ki sa bakinki da hancinki cikin lanƙwasar gwiwar hannunki. Kada ki tare da tafin hannu, domin da shi za ki gaisa, da shi za ki miƙa littafi. In kina da hankici, ya zama naki ke kaɗai, ki wanke shi da sabulu kullum ki shanya a rana. Gefen hijabi da bakin zane ba hankici ba ne, balle a share ma ƙane hanci da su.

2. Ki wanke hannu da ruwa da sabulu kafin cin abinci, bayan fitowa daga bayi, bayan face majina, da kuma da zarar kin dawo gida kafin ki ɗauki jariri. Ki cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kina ƙirga ɗaya zuwa 20 a hankali. Ruwan a zuba maki da buta ya gangara ƙasa, kada kowa ya tsoma hannu cikin roba ɗaya. Inda ba sabulu, toka mai tsabta ta fi babu. Ƙaramin guntun sabulu cikin leda a jakar makaranta ba zai yi maki nauyi ba.

3. Ki riƙa zuwa da gorar ruwanki ko kofinki. Ba rowa ba ce ki hana a sa baki a ledar ruwanki. In za ki ba ƙawa abin tara, ki gutsura mata tun kafin ki kai baki.

4. Ki rage taɓa ido da hanci da baki, ki daina tauna bayan biro, balle biron aro.

5. A buɗe tagogin aji ko da ana sanyi. Gara a sa rigar sanyi a bar iska ta ratsa, da a rufe a yi ta shaƙar numfashin juna. A yayyafa ruwa kafin shara don ƙura ta kwanta. A ɗakin kwana a bar taga ko ɗaya a buɗe, a riƙa shanya barguna a rana. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na tsananta tari, kuma yana fitar da wata iska mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.

6. Kada a tofa kaki ko a face majina a tsakar aji ko bakin baranda. A yi nesa, a rufe da ƙasa, a wanke hannu.

7. Wannan shi ne babba: in kina masassara da tari, ki zauna gida. Kada ki koma makaranta ko Islamiyya sai kin yi kwana ɗaya cur jikinki bai yi zafi ba, ba tare da kin sha maganin saukar da zafi ba. In fita ta zama dole, kamar zuwa asibiti ko ranar jarrabawa, ki sa takunkumi irin wanda muka saba da shi lokacin korona, a ba ki wuri gefe kusa da taga.

8. In kaji sun fara mutuwa a gida ko a unguwa, kada ki fige, kada ki dafa, kada ki bar ƙannenki su yi wasa da su. A sanar da malaman dabbobi.

Zuwa ga malamai da iyaye

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yarinya ba za ta zauna gida ba in ta san bulala na jiran ta ranar da ta dawo, ko za a ba ta sifili a gwaji. Ina roƙon malamai 'yan'uwana su riƙa duba fuskokin yara a wurin taron safe, wadda aka ga alamar masassara a sallame ta cikin mutunci, a ba ta damar rama gwajin da ta rasa. A makarantun kwana, mai kula da ɗakunan kwana ta ware ɗaki ko kusurwa guda ga marasa lafiya, da kwanonsu da kofinsu daban. Idan aka ga yara da yawa sun kwanta lokaci ɗaya, shugabar makaranta ta sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, akwai jami'in da aikinsa ke nan, sa ido a kan ɓarkewar cututtuka.

Wurin wanke hannu kuma ba sai an jira gwamnati ta kawo famfo ba. Ƙaramar jarka ta isa. A huda ta kusa da wuya da ƙusa mai zafi, a rataye ta a kan sanda tsakanin gwafa biyu, a ɗaura igiya daga bakinta zuwa wani itace a ƙasa. In an taka itacen sai jarkar ta karkata ruwa ya zubo, ba wanda ya taɓa ta da hannu. A rataye sabulu a gefe da zare. Ɗaliban aji ɗaya za su iya haɗa wannan a yini guda, monita ta riƙa tsara masu cika ta. Ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wanke hannu ta duniya, tun 2008 ake yin ta, kuma ta zo daidai gab da shigowar hunturu. Me zai hana kowace makaranta a Dutsin-Ma da Kurfi ta mai da ita ranar kafa jarkokinta?

Iyayenmu mata kuma, don Allah a riƙa tausaya ma yarinya in ta ce ba ta jin daɗi. A ɗauke mata goyo da talla da ɗibar ruwa na 'yan kwanaki, a raba mata shimfiɗa da jariri da tsohuwa. Uwa mai shayarwa in ta kamu kada ta yaye ko ta dakatar da nono, ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki, ta ci gaba da ba shi, domin nonon kariya ne gare shi.

In ta riga ta kama fa?

Hutu da yawan shan ruwa su ne kan gaba. Kunu mai ɗumi, shayi da citta da kanumfari da lemun tsami, romo, duk suna sanyaya maƙoshi. Zuma na rage tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Sirace na buɗe hanci ga babba, sai dai a yi nesa da ƙananan yara da tukunyar ruwan zafi, an sha ganin ƙuna ta wannan hanya. Don zafin jiki da ciwon kai, farasitamol ya wadatar, bisa ƙa'idar da ma'aikacin lafiya ya faɗa daidai da shekarun yaro.

Akwai abubuwa uku da nake so ku kiyaye. Na ɗaya, kada a ba yaro ko budurwar da ba ta kai shekara 16 ba asfirin in tana mura, domin yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Wasu magungunan ciwon kai na gari da ake sayarwa a ƙulle, da "haɗin" da ake ƙulla ma mutum a leda, akwai asfirin a cikinsu, don haka a tambaya kafin a sha. Na biyu, kafso ba ya kashe ƙwayar mura ko kaɗan, an yi shi ne don wasu ƙwayoyin cuta daban. Shan sa barkatai asarar kuɗi ce, kuma yana sa ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Likita ne kaɗai zai ce ga lokacin da ya dace. Na uku, ku yi nesa da maganin tari mai kodin. Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun watan Mayu na 2018, bayan an ga yadda ya lalata rayuwar matasa, har da 'yan mata da matan aure. Da yawa daga "bari in sha don tari" suka fara.

Sannan ba kowace masassara ce mura ba. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro na iya zuwa da kama ɗaya, don haka in jiki ya yi zafi a je a yi gwajin jini na ɗan yatsa, minti kaɗan ne sakamako ya fito.

A garzaya babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ba tare da jiran gari ya waye ba, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi da sauri ko da ƙyar, haƙarƙari na lotsawa ciki, leɓe ya canza launi, yaro ya ƙi nono ko ruwa, yawan barci da wuyar tashi, jijjiga, ciwon ƙirji, masassarar da ta wuce kwana uku, ko wadda ta sauka ta sake dawowa da tari mai tsanani. Ga mai agogo, jaririn wata 2 zuwa 11 in yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40 ko fiye, alamar limoniya ce. Masu juna biyu da masu sikila ko asma kuwa su je tun ranar farko, domin akwai maganin babbar mura da likita kan iya bayarwa, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko.

Ku kuma lura da cututtukan da ke shigowa da rigar mura. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu mai kauri da ya lulluɓe maƙoshi, wannan mashaƙo ne, wanda ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya bazu zuwa jihohi har da Katsina, ya kashe yara da dama. Masassara da jan ido da ƙuraje, ƙyanda ce. Masassara da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, sanƙarau ne, wanda iyayenmu ba su manta ɓarnar da ya yi a Arewa a 1996 ba. Duk waɗannan ba na jiyya a ɗaki ba ne.

Game da allura, akwai ta riga-kafin babbar mura, kuma duk shekara ake sabunta ta saboda ƙwayar na yawan sauya kama, sai dai ba ta cikin jerin alluran yara na kyauta a Najeriya. Amma alluran da ke kare yaro daga limoniya da mashaƙo da tarin shiƙa da ƙyanda suna cikin jerin, kuma kyauta ne. Ki ɗauko katin ƙanenki ki duba, ke da kika yi boko. In akwai gurbin da ba a cike ba, ki tuna ma Inna cikin ladabi, in ta kama ma ki raka ta.

Har da masu zuwa zance

Ba zan rufe ba sai na taɓo 'yan matan da suka fara tsayuwa a zaure. Ranar da kike fama da masassara da tari, ki aika ƙanenki ya ba shi haƙuri, ya dawo wani makon. Tsayuwar dare cikin jaura ba za ta ƙara maki sauƙi ba, shi kuma ya kwashi rabonsa ya kai ma gidansu. In shi ne ya zo yana ta atishawa, a shimfiɗa mashi tabarma nesa kaɗan, kofin da ya sha ruwa a wanke da sabulu, kuma kada ki karɓi hankicinsa wai don ajiyar tunawa. Mai son ki da gaske ba zai yi fushi don kin kula da lafiyarki ba, in ma mai hankali ne daraja za ki ƙara a idonsa, ya san ya samu wadda za ta iya riƙe gida.

Ƙannena, ku ne yayye a gida yau, ku ne iyaye gobe. Abin da kuka koya a nan ku koya ma na ƙasa da ku, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ta karanta ta miƙa ma ƙawarta, ta kuma karanta ma Inna in ba ta iya boko ba. Masu tambaya kuma ƙofa a buɗe take, ku rubuto kamar yadda kuka saba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu da zuri'armu, ya ba ku sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku.